Filin wasan da aka gina don kowane yaro: in kai ɗana mai keke ko in bari?

"Assalamu alaikum. Aiki ne ya kawo maigidana Washintan, muna zaune a arewacin jihar Bajiniya. Babban yarona shekararsa 7. Shawara ce ta kama shi yana jariri har ta taɓa masa ƙwaƙwalwa. Ba ya tafiya, a keken guragu yake, maganarsa kuma sai wanda ya saba da shi ke ganewa, amma yana fahimtar komai. Malamarsa ta ce in kai shi wani filin wasa a garin McLean mai suna Clemyjontri, wai an gina shi ne don yara masu lalura da marasa lalura su yi wasa tare. Ni dai tsoro nake ji, kada ya faɗi, kada jikinsa ya sandare a kan lilo, kada yara su tsaya kallonsa. Kakarsa ma da na gaya mata a waya cewa ta yi me za a je a nuna wa duniya, bakin mutane ba shi da kyau. Ƙanwarsa kuwa, 'yar shekara 4, kullum sai ta yi kukan a kai ta lilo. Don Allah mene ne gaskiyar irin wannan wuri, kuma yaya zan yi idan mun je?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara masa lafiya, ya raya miki su duka biyun.

Ni ma'aikaciyar fisiyo ce, wato gashi da motsa gaɓoɓi, kuma da yara nake aiki. A wani asibitin gwamnati a gida na fara, kafin zama ya kawo ni wannan yanki da kike, kuma filin da malamarsa ta ambata na sha raka iyaye da 'ya'yansu can. Tambayarki kashi biyu ce: ko wurin zai karɓi jikin yaro irin naki ba tare da ya ji ciwo ba, da kuma ko ya dace ma a fitar da shi cikin jama'a. Amsata ita ce ki kai shi, malamarsa ta yi gaskiya. Sai dai zuwan yana da yadda ake yinsa, kuma abin da zai fi ba ki wuya a ranar shi ne ki ɗauke hannunki daga kan kekensa ki bar shi da yara. Zan zo kan wannan.

Abin da ya raba wurin da filin unguwa

Wata baiwar Allah mai suna Adele Lebowitz ce ta ba hukumar wuraren shaƙatawa ta yankin Fairfax filinta mai eka 18, da burin a gina wurin wasan da ba za a bar kowane yaro a baya ba. An buɗe shi a 2006. Sunan nan mai nauyi a baki daga sunayen 'ya'yanta huɗu aka harhaɗa shi. Wurin wasan kansa ya kai eka 2, an raba shi gida huɗu, ga lilon dawakai mai zagayawa a tsakiya. Shiga kyauta ne, hawa dawakan ne ake yanka wa tikiti.

Ba za ki ga darajar wurin ba sai kin san abin da ake samu a sauran filaye. Amurka na da dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman tun 1990, kuma ƙa'idojinta da aka sabunta a 2010, waɗanda suka zama wajibi daga Maris 2012, sun shafi filayen wasan yara. Amma doka mafi ƙarancin abin da za a yi take faɗa. Ta ce aƙalla rabin kayan wasan da ke sama ya zama ana iya kai musu, sai dai ta yarda a cika wannan sharaɗi, ko wani kaso nasa, da 'yan matakalai masu faɗi, inda yaro zai sauka daga kekensa ya riƙa jan gindi yana hawa ɗaya bayan ɗaya. Yaron da hannuwansa ke da ƙarfi zai iya, naki kuwa ba zai iya ba. Haka kuma ana yarda a zuba ɓarɓashin katako a ƙasa. Ranar da aka danne shi keke na bi lafiya, bayan 'yan watanni kuwa ƙananan tayoyin gaba nutsewa suke yi. Shi ya sa za ki ga filin unguwarku da tambarin keke a bakin ƙofa, ki tura shi har gindin lilo, daga nan sai kallo ya rage masa. Kamar a gayyaci mutum biki ne a ajiye shi a zaure.

A Clemyjontri da ire-irensa an wuce wannan. Ƙasan wurin roba ce da aka kwarara ta daskare, shimfiɗe lumui, taya ba ta kafewa, wanda ya faɗi kuma ba ya buguwa sosai. Inda za a hau sama akwai gangare, kuma ƙa'idar gangaren ita ce duk tashin inci 1 sai an ba shi tsawon inci 12, don haka ba za ki yi nishi wajen turawa ba, shi ma keken ba zai kwace miki a saukowa ba. Akwai lilo mai dogon baya da wurin jingina hannu, wanda ke riƙe yaron da ba ya iya zama da kansa. Dandamalin lilon dawakai daidai yake da ƙasa, ana tura keke a shiga kai tsaye. Sandunan reto an sauko da su yadda na zaune zai kama. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a ware wani lungu aka ce nan ne na marasa lafiya ba. Yaran unguwa masu ƙafafu ras su ne suka fi cika wurin, saboda wurin yana da daɗi, kuma wannan shi ne dalilin da ya sa yake da amfani ga ɗanki.

Akwai kuma wani irin babban lilo na ƙarfe da ake shiga da keke gaba ɗaya. Saboda nauyinsa galibi a killace yake, a kulle. Idan kun samu dama ku hau, yana da daɗi. Amma a ganina kada ku mayar da shi maƙasudin zuwa, domin a cikinsa yaro shi kaɗai yake, sauran yara na waje da shinge.

Jikinsa

Tunda kin ce shawara ce, bari in faɗi abin da na saba gani, ki auna da ɗanki. Shawarar da ta yi tsanani a kwanakin farko na haihuwa takan taɓa can tsakiyar ƙwaƙwalwa, ɓangaren da ke daidaita motsi. Yaran da abin ya same su jikinsu ba ya tsayawa a hali ɗaya. Yanzu ki ga ya yi laushi, an jima ki ga ya ƙage, hannu ya murɗe, kai ya juya gefe, baya ya banƙare. Basirarsu kuwa sau da yawa lafiya lau take, kamar yadda kika ce yana fahimtar komai. To ga abin da nake so ki riƙe: murna ma na jawo wannan ƙagewar. Idan kika ɗora shi a lilo kika ga ya miƙe samɓal, ya buɗe baki, ya yi ƙara, kada ki yi saurin sauke shi. Ki dubi idonsa. Iyaye da yawa na sauke yaro a daidai lokacin da ya fi jin daɗi, shi kuma ba shi da bakin da zai ce a mayar da shi da sauri.

Saboda haka tun a gida ku tabbatar da alamarku ta "e" da "a'a", ko ta kallo ce, ko ta ɗaga hannu, ko wani sauti. A filin, duk abin da ya hau, ki tsayar bayan ɗan lokaci ki tambaye shi, "a ƙara?" Sannan ki yi shiru ki jira. Jiran na iya kai daƙiƙa goma, domin saƙo na ɗaukar lokaci kafin jikinsa ya bi. Ki durƙusa daidai fuskarsa idan za ki yi magana. Irin waɗannan yara da yawa ɗaga ido sama na yi musu wuya, wasu kuma shawarar ta taɓa musu ji, har ya zama suna jin sauti amma rarrabe magana cikin hayaniya na gagararsu. Idan ba a taɓa yi masa cikakken gwajin ji ba, ki nema.

Wajen ɗaukarsa daga keke zuwa lilo, kada ki ja shi ta hannu, kada kuma ki sa hannu a hammatarsa ki ɗaga ƙafafu na reto, don hakan ke sa ya banƙare. Ki fara lanƙwasa masa ƙugu da gwiwa, hannu ɗaya a ƙarƙashin cinyoyi, ɗaya ya zagaye baya da kafaɗa, ki ɗauke shi a dunƙule, ki tabbatar mazaunansa sun kai ƙarshen kujerar kafin ki ɗaure. Ɗan shekara 7 ba ƙaramin nauyi ba ne. Ranar farko ku je da babansu, bayanki ma amana ce.

Lilo a hankali, gaba da baya, a kan kari ɗaya, yakan sassauta jiki. Juyi da sauri kuwa tayar da shi yake yi. A cikin kunne akwai wasu 'yan kwararo masu ruwa da ke sanar da ƙwaƙwalwa yadda kai ke motsi, kuma yaro mai gudu da tsalle kullum cikin motsa su yake. Ɗanki da ya fi yawan rayuwarsa a zaune ko a kwance bai samu wannan ba sosai, shi ya sa yake da ƙishinsa, shi ya sa kuma kaɗan ke iya yi masa yawa. A kan abin juyi ku fara da zagaye biyu ko uku, ku tsaya. Idan kin ga fuskarsa ta canja, yana zufa, yana hamma, ko ya yi lakwas, ya isa haka nan. Wani lokaci tashin zuciyar sai an koma mota yake zuwa. Idan da keken zai shiga, ki danna birki, ki ɗaura masa bel ɗin ƙugu da na ƙirji, idan mai batir ne ki kashe shi.

Abu ɗaya da nake hana kowace uwa: kada ki ɗora shi a cinya ku zame tare a kan abin zamiya. Ana ganin kamar kariya ce, alhali ta nan ƙashin ƙwauri ke karyewa. Robar takalmi ko takalmin gyaran ƙafa ta kama gefe, nauyin babba ya taho daga baya, ƙafa ta murɗe. Ku nemi gajere mai faɗi, babansa ya zaunar da shi a sama, ke kina ƙasa, ko ki bi gefe kina riƙe da ƙirjinsa. Kuma ku fara kawo keken ƙasa kafin ya sauko, kada a bar shi kwance a bakin zamiya yara na tahowa. Idan an dasa masa na'urar ji a kunne, ki sani zamiyar roba na tara wutar gogayya da ke iya rikita ɓangaren na'urar na waje. A cire shi kafin ya zame, ko a nemi ta ƙarfe.

Zafi ma abin lura ne. Inuwa ba ta wadaci filin ba, kuma robar nan da ƙarfen suna ɗaukar zafi sosai a watannin Yuli da Agusta. Kada ki ce ai mu 'yan Arewa ne, mun san rana. Zafin nan mai gumi ne, kuma yaron da ke jingine da kujerar keke bayansa ba ya shan iska. Ki taɓa komai da bayan hannunki kafin ki ɗora shi. Wasu magungunan farfaɗiya na rage zufa, idan yana shan magani ki tambayi likitansa. Ƙanwarsa kuma, idan da ɗan hijabinta za ta je, a sa mata gajere marar igiya, domin igiya a wuya na iya sarƙewa a bakin zamiya. Ku je da safe a ranar aiki idan hali ya yi. Asabar da Lahadi wurin ajiye mota cika yake yi, hayaniyar kuma ta yi yawa ga mai zuwan farko. Ki canja masa tun daga gida, ki tafi da shimfiɗa a mota, don teburin canja wa yara da ke yawancin banɗakuna na jarirai ne, ba zai ɗauki ɗan shekara 7 ba.

Maganar kakarsa, da idon mutane

Hajiya ba ƙin jikanta take yi ba. Ta taso inda yaro irin wannan ake ce masa ɗan ruwa, ko a ce iska ce ta taɓa shi, a riƙa nuna uwarsa da baki, don haka ɓoye shi a wurinta rufin asiri ne. Abin lura a can ƙasarmu shi ne yaran da shan inna ya kama ba a ɓoye su. Suna dandali, suna makarantar allo, har ƙwallo suke bugawa da hannu a kan katako mai taya, jama'a na kallo suna tafi. Wanda lalurarsa ta shafi magana, yawu na zuba, wuya na langaɓewa, shi ake kullewa a ɗaki. Na ga irinsu da yawa lokacin da nake aiki a can. Ana kawo yaro ɗan shekara goma, gwiwoyi sun riga sun naɗe, fata ta yi fari don rashin rana, amma ki yi masa wasa ki ga ido na bin ki, yana gane duk abin da ake faɗa a kansa. Lalurar ta yi nata, zaman ɗakin kuma ya ƙara nasa, kuma na biyun nan da an so da an kauce masa.

Kada ki yi musu da ita a waya. Ki ce mata kin ji, za ki tofa masa addu'a kafin ku fita, ki kuma tofa ɗin. Idan da wanda take jin maganarsa, ya tuna mata Abdullahi ɗan Ummi Maktum, makahon da aka saukar da farkon Suratu Abasa a kansa, wanda ya zama ladani, har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya riƙa barin Madina a hannunsa idan zai yi tafiya. Daga baya ki tura mata bidiyon jikanta a kan lilo. Gani ya kori ji.

Yara kuwa za su kalle shi, kada in ɓoye miki. Yaran nan ƙasar ma tambaya suke yi kai tsaye: me ya same shi, me ya sa ba ya tafiya? Ki shirya amsa gajera. Ƙafafunsa ba sa bin umarninsa, kekensa ke kai shi, yana jin duk abin da kake faɗa, kana so ka tura shi? Ƙaramin yaro da zarar ya samu amsa ya wuce wurin, abin da ya dame shi wasa ne.

A nan ne maganar hannunki ta shigo. Akwai wata yarinya da nake yi wa gashi, lalurarta kusan irin ta ɗanki. Mun shiga wani ɓangare na filin mai lunguna da ake bi ana neman hanyar fita, uwarta na riƙe da keken gam, duk yaron da ya matso sai ta kauce da ita. Na roƙe ta ta tsaya a bakin hanya. Wani yaro, bai fi shekara shida ba, ya zo ya leƙa fuskarta ya ce ta zaɓa, dama ko hagu. Yarinyar ta yi ta kokawa da wuyanta har ta juya kai hagu. Ya tura, suka ci karo da bango, ya ce laifinta ne, ta fashe da dariya har da shaƙewa. Wannan juya kai shi ne abin da nake ta nema a ɗakin gashi da ƙararrawa da 'yar tsana, tana yi mini da ƙyar. A nan kuwa ta maimaita shi ba adadi, don tana da dalili. Muddin babba na manne da keke, yara ɗauka suke yi wannan majinyaci ne da mai jinyarsa, sai su kauce. Ki ja baya taku biyar, idonki na kansa, bel a ɗaure, ki bar su. Ki hana gudu da shi a gangare kawai.

Ƙanwarsa kuma ki sakar mata mara ta yi wasanta. Kada a ce riƙe wa yayanki ruwa, tsaya kusa da yayanki. Idan ta ga dama za ta dawo da ƙawayen da ta yi, kuma yawanci ta nan abokan farko ke zuwa masa.

Iyakar abin da zan iya faɗa daga nesa

Ban ga ɗanki ba, ban taɓa jikinsa ba. Kafin ku je ki yi magana da mai yi masa fisiyo a kan abu biyu. Na farko ƙugunsa: yaran da ba sa tafiya kan ƙashin cinyarsu na iya zamewa daga gurbinsa sannu a hankali, shi ya sa ake ɗaukar hoton ƙugu lokaci lokaci. Idan nasa ya fara zamewa, ko an yi masa aiki kwanan nan, hawan doki da ware ƙafa sai da izini, ku zauna a kujerar lilon ko ku shiga da keke. Na biyu wuyansa: idan bai iya riƙe kai ba, sai lilon da bayansa ya wuce kansa. Idan yana farfaɗiya, maganin gaggawarsa ya kasance a jakarki. Kuma filin wasa ba ya maye gurbin gashi da tsayawa a abin tsayuwa da sauran abin da ake yi masa, ƙari ne a kai.

Yana iya ƙi ranar farko. Ya yi kuka, ya ƙage, ya nuna a mayar da shi mota. Wuri ne mai launuka da ihu, shi kuma bai saba ba. Idan haka ta faru, ku koma gefe inda ya fi shiru, ku zauna ya kalli ƙanwarsa, ku zagaya da keke sau ɗaya ba tare da ya hau komai ba, ku tafi gida. Rabin sa'a ya isa zuwan farko, ko da yana jin daɗi, gara ku tashi yana son ƙari. Zuwa na biyu ku fara da lilo mai dogon baya, a hankali, fuskarki a gabansa. Abin da ya fi so da abin da ya ƙi ki ɗauka a waya ki nuna wa mai yi masa fisiyo da malamarsa, za su san yadda za su shigar da shi cikin aikinsu. Sannan ki duba shafin hukumar wuraren shaƙatawa ta Fairfax kafin ku fita, domin lilon dawakan ba kullum yake aiki ba, musamman lokacin sanyi, kada ki yi masa alkawarin doki ku tarar an rufe.